Mai Sa Wa Dawa Hula

Kafin rana ta yi zafi yake isowa. Ya turo kekensa ta ƙofar baya, ya jingine shi a jikin tankin ruwa, ya tuɓe takalmin fita ya sa na gona. Ba ya doguwar gaisuwa. Ya ɗaga wa maigadi hannu, ya saɓi kwandonsa, ya shige cikin kunyoyi. Babu komai a kwandon sai jakunkunan takarda da zare. Duk dawar da zangarniyarta ta leƙo, tun kafin ta yi fure, sai ya lanƙwaso karan a hankali, ya kifa mata jaka, ya ɗaure wuyan. Idan ka tsaya a bakin wayar da ta kewaye gonar da damina ta yi nisa, za ka ga gona guda kowace dawa da hularta, kamar dattawa sun taru zaman shawara. Shi ya sa muke ce masa Mai Huluna. Da farko sunan tsokana ne. Yanzu ko maiɗakinsa da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Wurin aikinsa ma'ajiyar iri ce. Gini ne mai ɗakin sanyi a ciki, da gona a bayansa. Tun da daɗewa ma'aikata suka bi ƙauyuka da dazuzzuka suna tattaro iri: dawa da gero da wake irin na kakanni, da ƙwayar ciyayi, da 'ya'yan itatuwan da gatari ya kusa ƙararwa. Aka busar, aka ƙunshe, aka jera a sanyi, don ranar da abu ya ɓace a waje a same shi a nan. Amma iri ba dutse ba ne, ko a sanyi tsufa yake yi. Lokaci-lokaci Malamar da ke riƙe da ɗakin takan ɗebi kaɗan ta shimfiɗa a jiƙaƙƙiyar takarda. Idan ta ga masu tsirowa sun yi ƙaranci, sai ta aika a kira Mai Huluna. Shi zai shuka tsohon irin, ya yi renonsa, ya sa masa hula don kada bununin wata dawar ya faɗa masa ya gauraya jini, ya girbe, ya mayar da sabo ɗakin sanyi. Aikin ke nan. Ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba.

Gidana ne a jikin wayar gonar. Na fi shekara talatin ina kallonsa. Ban saba yabon mutum ba, karatuna kuma bai yi nisa ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, sai na ga idan na yi shiru na ci amanar idona.

Ɗan manoma ne, kuma manoman kirki. A gidansu an koya masa abin da aka koya wa kowannenmu: idan za ka ajiye iri, ka zagaya gona ka zaɓi manyan zangarnu masu nauyi, ragowar a ci ko a ba dabbobi. Da wannan hannun ya zo aiki. A girbinsa na farko Malama, wadda a lokacin ita ma sabuwar zuwa ce, ta same shi yana ware masu kyau gefe guda.

"Malam, waɗancan fa?"

"Tarkace ne, Malama. Wa zai ajiye wannan ya ce iri?"

"Mu," in ji ta. "A gonarka kai ke zaɓe, kuma daidai ne. A nan ba mu da ikon zaɓe. Ba mu san wace irin shekara ke jiran jikokinmu ba. Wadda ta yi muni bana, wataƙila ita ce ba ta jin fari, ko ita tsutsa ke ƙi. Idan kowane girbi muka zubar da munana, wata rana za mu wayi gari da kyakkyawa ɗaya tilo, ranar da cutarta ta zo kuwa shi ke nan."

Ya ce da ni ya yi kwanaki maganar ba ta zauna masa ba. Daga baya ta zauna, ta zauna daram. Tun daga nan yana da wani murfin kwalba da yake awo da shi. Kowace zangarniya, ƙatuwa ko 'yar firit, murfi ɗaya yake ɗiba daga gare ta. Babba ba ta fi, ƙarama ba ta gaza. Wadda ƙwayarta ba ta cika murfin ba, sai ya kwashe duk abin da take da shi. Na sha ganinsa zaune a rumfa yana murza wata zangarniya da ko kaza za ta raina, yana hura ƙaiƙayin a tafin hannu kamar mai hura wa jariri ido.

Mai Huluna, kai ne ka horar da hannunka ya saɓa wa abin da ubanka ya koya masa, ba don raini ba, sai don amanar da aka ɗora maka. Wanda bai taɓa noma ba ba zai san nauyin wannan ba.

Bara waccan, dab da faɗuwar damina, wata tsohuwa ta zo ma'ajiyar. Ɗanta, wanda shi ma ya fara furfura, ya ɗauko ta a babur daga nesa. Tana dogara sanda, amma bakinta da ƙarfi. Ta ce tana amarya wasu mutane suka zo ƙauyensu da buhuna, surukarta ta ɗibar musu dawar gidansu. Daga baya sabon iri ya shigo, kowa ya koma masa, tasu ta ɓace har a maƙwabta. Yanzu sabon irin ya gaji da ƙasarsu, ko ƙasar ta gaji da shi.

"'Yata," ta ce da Malama, "aro muka ba ku, ba kyauta ba. Na zo karɓa kafin a kira ni."

Malama ta bincika ta samo ƙunshin. Yana cikin na farko-farko da aka tara, kuma layi bai riga ya zo kansa ba. Da ta gwada shi a jiƙaƙƙiyar takarda, ƙalilan ne suka tsiro. Yawancin ƙwayar ta mutu. Abin da ke cikin ƙunshin ma bai cika tafin hannu biyu ba. Ta kira Mai Huluna ta nuna masa.

"Idan muka jira baɗi, babu abin da zai tashi," ta ce. "Idan muka shuka bana ya lalace, babu wani a ko'ina."

Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Gauraye take: fara, ja, da wata ƙanana mai duhu. Sai ya juya ga tsohuwar.

"Iya, ki ba ni damina ɗaya."

"Ni zan ba ka? Ka roƙi Mai bayarwa, ɗan nan. Ni ma jira nake."

Ya shuka ta a kusurwar da ke jikin wayata, don nan ne ruwa ba ya kwanciya. Abin da ya tsiro bai cika kunya uku ba, kuma ba su yi kama da 'yan gida ɗaya ba. Wasu suka miƙe har suka fi shi tsawo. Wasu suka tsaya iya ƙugu, kara siriri, ganye kamar na ciyawa. Ya bi su duka da hannu ɗaya. Gajerun suka riga fitar da kai, ya durƙusa ya sa musu hula. Dogayen suka biyo baya, ya hau benci ya sa musu. Iska ta kayar da wasu, ya kafa musu sanda. Ranar hutu ma sai ka gan shi ya leƙo, wai hanya ce ta biyo da shi, alhali gidansa yana can wani gefen gari.

Maiɗakinsa ta taɓa kawo masa abinci gonar, ta tsaya tana kallonsa yana gyara wa wata gajeruwa hula.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun ko ɗankwali daga hannunka ba tare da na yi magana ba," ta ce. "Ga kara yana samun hula kyauta."

"Ke ai ba tsuntsu ke cin kanki ba."

"Kai ke ci, Mai Huluna. Kai ke ci."

Dawa ta nuna, saura yanka, sai zazzaɓi ya kayar da shi. Har asibiti aka kai shi aka yi masa ƙarin ruwa, aka dawo da shi gida ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Malama kuwa ta tafi daji da ma'aikata tattaro iri, don lokacinsa ke nan. Ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma, kuma ruwan ƙarshe idan ya jiƙa hular takarda a kan busasshiyar dawa, ruɓewa take yi. Yana kwance yana sambatun kunya uku. Maiɗakinsa ta gaji da ji, ta aika wa yayansa.

Yayan nan nasa manomi ne da ake kwatance da shi. Shi ya riƙe Mai Huluna bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Da jin saƙon bai tsaya komai ba, ya hau babur da wuƙarsa. Maigadi ya san shi, ya buɗe masa ƙofa. Ya yanke zangarnun tsaf, ya tuɓe musu hula, ya baje su a rumfa. Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya ware manya masu nauyi ya ɗaure su dami mai kyau. Ƙananan da munanan ya tattara ya watsa ta saman waya, inda ya hango awaki a turke. Da zuciya ɗaya ya yi, har yana ganin ya yi wa maƙwabci alheri.

Awakin nawa ne. Na tafi kasuwa a ranar, kuma ba su da laifi.

Da azahar ya isa gidan ƙanensa yana share gumi, ya zauna a bakin katifa.

"To, kwantar da hankalinka, na gama maka. Na zaɓe maka iri wanda ko ni zan shuka. Amma kai ma dai, wace irin dawa ce wannan? Rabinta tarkace."

"Ina tarkacen, Yaya?"

"Na ba awakin maƙwabcinku."

Maiɗakinsa ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Maganar ta taso masa har wuya. Amma wanda ke zaune a gabansa shi ne ya goya shi, kuma ya bar tasa gonar ya zo. Ya haɗiye. Ya dafa bango ya miƙe.

"Yaya, na gode. Ka taimaka ka kai ni wurin."

"Kana hauka ne? Dubi jikinka!"

"Ka kai ni, Yaya. Ko in tafi da ƙafa."

Maiɗakin ta tare ƙofa, ta ga idonsa, ta kauce. Sai ta cire mayafinta ta ɗaure shi a bayan yayan kamar kaya, don kada ya faɗo a hanya.

Dawowata ke nan daga kasuwa na tarar da dattawa biyu a turkena. Ɗaya yana rarrafe cikin kashin awaki, ɗaya yana tsaye a kansa yana faɗa. Awakin sun cinye duk abin da bakinsu ya kai. Igiya ce ta yi ceto, don abin da ya faɗi bayan iyakar tsawonta yana nan, sai dai kaji sun fara yi masa aiki. Mai Huluna yana tsintar zangarnu yana sa wa a gaban rigarsa, guntaye da waɗanda aka tattake, har da wadda ya fizgo daga bakin wata uwar garke.

"Malam, lafiya?" na ce.

"Ka kama mini kajin nan," ya ce. Ko sallama bai yi mini ba.

Yayan ya juyo gare ni. "Kai ka gaya masa! Mutum da zazzaɓi yana kokawa da akuya a kan abin da ko ɓera ba zai sata ba. Ga dami can na ɗaure masa, kowace zangarniya kamar damtse."

Sai Mai Huluna ya zauna a ƙasa, don numfashinsa ya ƙare. Ya ɗaga wata 'yar zangarniya mai duhu.

"Yaya, damin da ka ɗaure ya yi kyau, babu mai ɗaure kamarsa. Amma wannan dawar ba tamu ba ce, ajiya ce. Mai ita ta ba da su gauraye, gauraye za a mayar mata. Kuma duk duniya babu sauranta sai abin da ke cikin turken nan. Da aka bar maka mu, ni ne mai ciwo, kullum ina kwance. Ba ka ware ni ba."

Yayan ya dubi ƙanensa, ya dubi awaki. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da dama." Sannan ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. Da ya ga ƙwayar da ta zube cikin ƙasa, shi ya ce in kawo rariya da tsintsiya. Muka kwance awakin muka mayar da su gaba. Mu uku muka share turken nan, muka tankaɗe ƙasar, muka tsince ƙwaya daga cikin abin da ba sai na faɗa ba. Muna gamawa hadari ya sauko. Da mun ƙara jinkiri, da laka ta binne sauran.

Kai ne wanda na gani da idona, ka fifita ajiyar wata tsohuwa da ba ka haɗa komai da ita ba a kan lafiyarka. Kuma kai ne ka ceci irin ba tare da ka zubar da girman yayanka ba. Na biyun ya fi na farkon wuya. Na san maza da yawa da za su iya ɗaya, ban san mai iya duka biyun ba sai kai.

Da Malama ta dawo bai ɓoye mata komai ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ya ce shi ne bai yi bayani ba kafin ya kwanta. Ta zauna tare da shi suka wanke ƙwayar, suka shanya, suka bi zangarnun da murfin kwalba ɗaya bayan ɗaya. Aka raba biyu. Rabi ya shiga ɗakin sanyi, rabi aka ajiye wa tsohuwa, aka aika mata ta zo.

Ta zo. Aka zuba mata a faifai, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta dinga juya ƙwayar da yatsa.

"Akwai wata mai ɗigon ja a baki," ta ce. "Ban gan ta ba."

Mai Huluna ya sunkuyar da kai. "Wataƙila tana cikin waɗanda suka salwanta, Iya. Wataƙila kuma tun farko ba ta tsiro ba. Ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

"To, ta riga ni tafiya." Ta ci gaba da juyawa. Sai yatsanta ya tsaya a kan ƙananan masu duhu. Ta ɗebo su a tafin hannu, ta kira ɗanta. "Zo ka ga waɗanda suka raine ka. Su ke fara nuna, tun dogayen suna wasa da iska. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara suna kuka, su muke yanka mu ci kafin babban girbi ya zo. Ba su da kyan gani, ba su da auki, amma ba su taɓa makara ba. Da babu su a ciki, da ban karɓa ba, don da ba tamu ba ce."

Yayan yana tsaye a bakin rumfa, don ya ce sai ya ga matar da ta sa shi rarrafe.

Bana ɗan tsohuwar ya aiko cewa su zo su gani. Mai Huluna da yayansa suka tafi su biyu a babur. Suka tarar da ita zaune a kan kujera a bakin gona, dawa ta tashi, dogaye da gajeru a kunya ɗaya. Maƙwabta har sun fara zuwa kamun ƙafa, kowa yana so a tuna da shi idan an girbe. Mai Huluna ya ce da ni yayansa ya zagaya gonar hannayensa duka biyu a cikin aljihu. Da ya tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ƙaiƙayi suke yi mini. Idan na fito da su, sai na tuge gajerun nan."

Wannan guda ɗaya ce na ba da labarinta, don ita ta faru a turkena. Ɗakin sanyin nan cike yake da ƙunshi, kuma da wuya ka ɗaga ɗaya da bai bi ta hannunsa ba. Akwai ciyawar da ta ƙare a dajin da aka ɗebo ta, akwai waken da masu shi suka manta sunansa. Suna nan da rai, suna jiran ranar da wani zai zo nema.

Mai Huluna, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya sa waɗanda ka koya wa aiki su riƙe shi yadda ka riƙe. Mun gode wa Malama da ta faɗa maka gaskiya tun ranar farko, da maiɗakinka da ta yi haƙuri da kishin kara.

Ku kuma masu karatu, ba dogon wa'azi zan yi muku ba. Idan akwai tsohon iri a gidanku, a tulu ko a ƙullin tsumma, kada ku raina shi don sabo ya fi shi cika buhu. Ku shuka ko kunya ɗaya ce, ku kai kaɗan ma'ajiya. Idan kuma aka ba ku ajiyar abin da ba naku ba, ku mayar da shi yadda aka ba ku, da mai kyan da marar kyan. Haka mutumin nan ya yi har ya tsufa, ni shaida ne.